TAƘAITACCEN TARIHIN IKIRARI DA ZUMUNCINMU DA SAURAN MASU BI

A wannan biki na cika shekara hamsin ya kamata mu waiwayi abu guda da ya daɗe yana jawo gardama tsakaninmu Katolika da 'yan'uwanmu na sauran ɗariku, wato furta zunubi a gaban Fada. A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, akwai gidajen da wa ke zuwa Katolika, ƙane kuwa yana ECWA. Saboda haka maganar ta shafi kowa.

Asalin Ikirari

Ikilisiya ta kafa wannan sakramenti a kan Yohanna 20:22-23, inda Ubangiji ya ba manzanni ikon gafarta zunubi. A ƙarnukan farko mai babban laifi yakan yi tuba a bainar jama'a, wani lokaci har shekaru. Daga wajen ƙarni na 6 sufaye na ƙasar Ayalan suka yaɗa al'adar furta zunubi a asirce. A 1215 Taron Lateran na Huɗu ya wajabta wa kowane baligi ya yi ikirari aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma haramta wa Fada tona abin da ya ji.

Tun da Fada zai saurari mutane, dole ya san yadda ake auna laifi. Daga nan ilimin tauhidin ɗabi'a ya bunƙasa. Koyarwar ita ce, zunubi yakan zama mai kisa idan abu uku sun haɗu: laifin babba ne, mutum ya sani, kuma ya yi da gangan. Mai tuba kuma ana neman abu uku daga gare shi: nadama, furtawa, da gyara ɓarnar. Wanda ya saci akuya, sai ya mayar ko ya biya. Waliyyi Alfonsus Liguori, wanda ya rasu a 1787, shi ne babban malamin wannan fanni. Ya koyar da firistoci su guji tsanani, su kuma guji sakaci.

Yadda Rabuwa Ta Faru

A 1517 Martin Luther ya ta da murya a Jamus a kan yadda wasu masu wa'azi suke karɓar kuɗi da sunan sassauta horon zunubi. Wannan ɓarna gaskiya ce, kuma Ikilisiya ta hana ta daga baya. Luther kansa bai soke ikirari ba. Abin da ya ƙi shi ne tilasta wa mutum ya lissafa dukan zunubansa. Amma waɗansu da suka biyo baya sun tsaya a kan 1 Timoti 2:5, cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutum, don haka ba a bukatar Fada. Taron Trent ya ba da amsa a 1551, cewa Almasihu ne mai gafartawa, firist kuwa bawa ne da aka aika. A ƙarni na 19 gabar ta yi zafi a Ingila da Amurka da Kanada, aka yi ta buga littattafan sukar ikirari.

Gardamar Ta Iso Ƙasar Katsina

'Yan mishan ba su bar wannan gaba a gida ba. Mishan ɗin SIM ya fara a 1893, ya shigo lardin Katsina a shekarun 1930 ta hanyar aikin jinyar kutare, daga cikinsa kuma ECWA ta fito a 1954. A ɓangarenmu, Roma ta kafa yankin Sakkwato a 1953, ta danƙa shi ga Fadojin Dominikan na Amurka. Suka zauna a Gusau, aikinsu ya kai Funtuwa da Malumfashi da ƙauyukan Maguzawa. Yankin ya zama Dayosis a 1964, da Bishop Edward Lawton.

Manomin da ya karɓi bishara bai san Luther ba, bai san Trent ba, amma ya gaji faɗansu. Aka riƙa ce mana masu sujada ga gumaka da masu neman gafara wurin mutum. Mu ma muka riƙa cewa ba su da ikilisiya ta gaskiya. Wannan ya hana aure, ya raba zumunta.

Sulhu

Taron Vatican na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya koya mana mu ɗauki sauran masu baftisma a matsayin 'yan'uwa. A 1976 aka kafa CAN. A 1999 Katolika da Lutheran suka sa hannu a birnin Augsburg, suka yarda cewa ceto ta wurin alheri ne.

Wahala ma ta koya mana. A rikicin 1987 an ƙone majami'u a Funtuwa ba tare da an tambayi ɗarika ba. A 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. 'Yan bindiga ba su bambanta Katolika da ECWA da Musulmi ba. Cikin wannan hali ne Paparoma Francis ya kafa Dayosis na Katsina a 2023, ya naɗa Bishop Gerald Mamman Musa.

Kammalawa

Bambanci yana nan har yau, ba ma ɓoye shi. Mu muna riƙe da ikirari a matsayin sakramenti, su kuwa suna furta wa Allah kai tsaye, ko da yake Yakubu 5:16 ta umarce mu duka mu furta wa juna laifofinmu. Iyaye da katikis, ku koya wa yara ma'anar ikirari domin su iya amsawa da ladabi. Wanda kuma ya karɓi gafara a gaban Fada, kada ya kwana da gabar ɗan'uwansa.

Allah ya ba ƙasarmu salama, ya kai 'ya'yanmu bikin shekara ɗari. Amin.