Shaho mai ruwan toka: ɗan ci-ranin da ke taya mu yaƙi da fara

Jama'ar Madawa, Buza da Kaita, da 'yan uwa da ke can nesa, yau za mu duba wani baƙo da ke sauka gonakinmu kowace kaka. In an yanke hatsi, sai ka ga wani irin shaho siriri yana shawagi ƙasa-ƙasa bisa kara, yana tangaɗi hagu da dama, kansa a sunkuye. Da Faransanci ana ce mashi busard cendré. Da yawanmu na ɗaukarsa shirwa ce, alhali ba ita ba ce.

Yadda za a gane shi

Namijin ruwan toka ne, bakin fukafukansa baƙi, da baƙin layi a tsakiyar fiffike. Macen ruwan ƙasa ce, da farin tabo a gindin wutsiya, kuma ta ɗan fi namijin girma. Faɗin fukafukansa ya kai mita guda ko ya ɗan ɗara. Wutsiyar shirwa a tsage take, tasa kuwa doguwa ce ba tsaga. Shirwa na kewaya gari tana fakon 'yan tsaki, shi ko daji da gona ya sani. Da dare ma yawanci a ƙasa suke kwana garke-garke cikin ciyawa.

Inda yake haihuwa

Ba ya sheƙa a wurinmu. Haihuwarsa a Turai take, a ƙasashe irin su Faransa, Sipaniya, Jamus, Holand da Poland. A ƙasa yake yin sheƙa, kuma tun da fadamu da makiyayan can suka ragu, sai ya koma tsakiyar gonakin alkama da sha'ir. Macen kan yi ƙwai 4 ko 5 wajen watan Mayu, ta kwanta kansu kusan kwana 28, 'ya'yan kuma su yi wata guda ko fiye kafin su tashi.

To, nan matsalar take. Injin girbi kan shigo gona tun 'ya'yan ba su iya tashi ba, ya niƙe su. Shi ya sa masu kula da tsuntsaye ke neman sheƙa tun da wuri, su shaida wa mai gona, a kewaye ta da raga saboda injin da namun daji, ko a bar ɗan fili ba a girbe ba. A yankin Groningen na Holand, inda tsuntsun ya kusa ƙarewa, wannan aiki da aka soma daga 1990 ya maido da shi.

Ci-raninsa

Wajen Agusta zuwa Satumba yake tasowa, ya ƙetare teku da Sahara, ya sauka Sahel. Yayin da ciyawa ke bushewa sai ya riƙa gusawa kudu, kana ya kama hanyar gida a ƙarshen Maris ko Afrilu. Na'urorin da masana suka ɗaura wa wasu sun nuna yawanci wurin da ya sauka bara, nan yake komowa bana. Kun ga ke nan, kamar samarin Adar ne: rani a waje, damina a gida.

Binciken da aka yi a Nijar ya nuna mafi yawan abincinsa fara ne, musamman manyan babe, sai ɓeraye, ƙadangaru da ƙananan tsuntsaye. Farar da ya ci da rani ba za ta yi ƙwai da damina ba. Wanda ya ga abin da fara ta yi wa jahar Tawa a 2004 ya san darajar kowane mataimaki, ko da shi kaɗai ba zai tare farin dango ba.

Abin da ya rage gare mu

Masanin tsuntsaye Jean-Marc Thiollay ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a hanyoyin Nijar, Mali da Burkina Faso wajen 1970, ya sake ƙirgawa bayan shekara 30, ya tarar da yawansu sun ragu ƙwarai. Ungulu ma ai kowa ya shaida ta yi wuyar gani.

Wannan shaho ya fi son gona mai sabara, kalgo da gawo jefi-jefi, da saura kusa. Saboda haka sassabe na zamani, wato barin tohon itace a gona, da irin gyaran ƙasar da aikin Kaita ya soma a 1984, suna amfanarsa kamar yadda suke amfanarmu. Ƙona daji kuwa na cinye mashi wurin kwana.

Sai maganar feshi. Guba mai ƙarfi na kashe fara, ta kuma cutar da mai cin farar, tsuntsu ne ko mutum, tunda mu ma muna soya ta. A nemi shawarar malaman gona kafin a fesa. Akwai maganin Green Muscle da aka gwada a Nijar, wanda fara kaɗai yake kamawa.

A ja kunnen yara masu danƙo su ƙyale shi. Wanda kuma ya tsinci mushensa da zobe a ƙafa, ya kai wa ma'aikatan gandun daji, don lambar da ke jiki na faɗin ƙasar da aka sa mashi zoben. Wani manomi can ya bar alkamarsa tsaye don ya rayu. In ya sauka gonarmu, baƙonmu ne. Allah ya ba mu damina mai albarka.