Matsalar wuta a a-kori-kura mai dizal: abin da za ka duba kafin ka kira mai wayarin

Da kaka motar ƙungiya ba ta hutawa: riɗi da zoɓo daga Gagarawa, gero daga Sule Tankarkar, awaki zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. In ta ƙi tashi da asuba, cinikin wannan makon ya wuce ka. Sau da yawa kuma matsalar ƙarama ce. Ka fara da mai arha kafin mai tsada.

1. Kan batir

Injin dizal yana jan wuta da yawa wajen tashi, don haka ɗan sakwarkwacewa kaɗan ya isa ya hana shi. Girgizar hanyar burji tana kwance kan batir, farin gari kuma yana taruwa a kai. Kashe mota, fara cire kan da ke da alamar (-), wanke da ruwan zafi, goge ya yi fes, ka ɗaure tam. Bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota, ka kankare tsatsa. In batirin mai buɗewa ne, duba ruwansa, domin zafin bazara yana ƙafar da shi. Ruwan batir kaɗai za ka ƙara, ban da na rijiya.

2. Awo da mita

Ya kamata kowace ƙungiya ta ajiye ƙaramar mitar awon wuta.
- Mota a kashe: 12.6 cikakken caji ne, 12.2 kusan rabi.
- Lokacin murza makulli: in ya faɗi ƙasa da 10, batir ya yi rauni.
- Inji na aiki: 13.8 zuwa 14.4. In bai kai 13 ba, altaneta ba ta caji. Duba fambel tukuna, wataƙila ya saki ne.

3. Saurari motar

- Shiru, ba fitila ko ɗaya: batir, kansa, ko babban fis.
- Ƙas-ƙas kawai, fitilu na dushewa: wuta ba ta isa.
- Ƙas ɗaya, fitilu garau: kik ne ko wayarsa.
- Inji na juyawa, ga farin hayaƙi, musamman da sanyin hunturu: hita ce. Jira fitilarta ta mutu kafin ka murza.
- Yana juyawa, ba hayaƙi sam: mai ba ya zuwa. A tsohuwar Hilux akwai 'yar waya da ke buɗe wa mai hanya a kan famfon injekta. Duba ko ta zare.

4. Fis da wayoyi

In abu ɗaya ne ya mutu, kamar hon ko fitila, fis ne za ka fara dubawa. Sa mai lamba daidai da wanda ka cire. In ya sake ƙonewa, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Motar da ke kwana kusa da rumbu, ɓeraye sukan ci wayoyinta.

Abin da ba a yi

Kar ka naɗa waya a madadin fis. Da lodin harawa a baya, gobara ce kake gayyata. Kar ka cire kan batir inji na aiki wai gwajin caji. Yana lalata altaneta, a sababbin motoci har da kwamfutar inji. Kar ka murza makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere.

In ka bi waɗannan ba ta tashi ba, kai ta wurin mai wayarin a Gumel ko Maigatari, ka faɗa masa lambobin da mita ta nuna. Kada ka biya kuɗin sabon batir sai an auna tsohon a gabanka.