Bodiyam: Gidan Da Ke Tsakiyar Ruwa



Shekara ashirin ke nan ina kasuwanci a birnin Benin, kullum ina wuce tsohon gwalalon da ya kewaye garin ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Sai da ɗana ya kawo mini kalanda mai hoton wani gidan dutse zaune tsakiyar ruwa a Ingila, sannan na shiga bin tarihinsa.

Sunan gidan Bodiyam, yana yankin Sasek ta Gabas, kusa da kogin Roza. Wani jarumi, Edward Dalyngrigge, ya gina shi bayan Sarki Richard na Biyu ya ba shi izini a 1385. Lokacin ana Yaƙin Shekara Ɗari da Faransa, kuma a 1377 Faransawa sun ƙone garin Rye da ke kusa. Tsoro ya cika ƙasa.

Ginin mai kusurwa huɗu ne, kowace kusurwa da hasumiya mai da'ira, ɗakuna na jikin bango, tsakar gida a tsakiya, ruwa ya kewaye shi kaf. Gadar farko ba ta miƙe zuwa ƙofa ba. Daga gefe take tahowa ta karya kwana, don maharin ya bar damansa a buɗe, inda ba garkuwa. A zaure akwai ramuka a rufi na jefo wa abokan gaba abubuwa.

To amma fa masana sun rabu. Wasu na cewa ruwan nan bango na ƙasa kawai ke tare shi, ana fasawa zai tsiyaye, don haka ginin nuna isa ne fiye da yaƙi. Abin dariya, masai 28 na gidan duk cikin ruwan suke zuba!

Cikin gidan ya zama kufai, amma bangon na tsaye, saboda an sami masu kula. Lord Curzon ya saye shi ya gyara, da ya rasu a 1925 ya bar wa ƙungiyar National Trust.

Nan jikina ya yi sanyi. Gwalalon Benin ya zama juji a wurare da dama, badalar Kano kuwa ana ta yanka ta ana gini. Me za mu nuna wa jikokinmu, hoto a kalanda?

Allah Ya sa mu farga. Sai wani jiƙon.