Daga albarushin Tanimun zuwa marar hayaƙi

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ba ta dogara ga fatake kaɗai wajen makamai ba. Bindigogi suna shigowa ta hanyar Tarabulus, amma a cikin birni maƙera na zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi: gawayi, farar wuta da wani gishiri mai rura wuta. Baƙin albarushi ke nan, irin wanda har yau ake ɗura wa bindigar toka a ƙauyukan kudancin Damagaram. Laima ce abokiyar gabarsa. Da damina ta kama, sai maharbi ya ja kunama, bindiga ta yi shiru. Zafin bazara kuwa bai cika damunsa ba.

A shekarar da Tanimun ya rasu ne wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi daga audugar da aka sarrafa da ruwan sinadari. Suka kira shi Poudre B, aka yi masa bindigar Lebel a 1886. Ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba ya tona asirin inda mai harbi ya laɓe. Lokacin da sojojin Faransa suka ci Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a 1899, zamanin baƙin albarushi ya riga ya wuce a fagen fama na Turai.

Sai dai sabon ya zo da nasa ciwon, wato zafi. In ya ɗumama yakan ci da sauri, matsin da ke cikin bindiga ya ƙaru, harsashi ya fita da gudun da ya wuce lissafi. Ma'aunin da ya yi daidai da hunturu na iya yin yawa a watan Afrilu, sa'ad da zafin Damagaram ke haura digiri 40, balle an bar harsasai cikin rana. In ya daɗe a ajiye a wuri mai zafi kuma, ruɓewa yake yi a hankali har ya kama da wuta da kansa. Faransawa sun biya wannan darasi da tsada: jiragen yaƙinsu biyu, Iéna a 1907 da Liberté a 1911, sun tarwatse a tashar Tulon. Daga nan aka dage da gauraya masa sinadarin da ke rage ruɓewar, aka kuma sanyaya rumbunan ajiya.