Kare shagon katako daga zafin rana

In shagonka na katako ne mai rufin kwano, ka san wahalar bazara. A Tawa ko Damagaram, zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Yawancinsa daga sama yake saukowa, don haka da rufi za ka fara.

Ka ɗaura zana a ƙasan kwanon, ka bar tazarar taƙi guda tsakaninsu. Kusa da rufin ka buɗe kafa kudu da arewa, iska mai zafi ta samu mafita. Ban da gabas, inda ruwa ke bugowa.

Sai dai zana abincin gara ce, ka riƙa duba ta. Kuma ba ta shiri da wuta. In walda kake yi, haƙura da ita, ka shafa wa bayan kwanon farin fenti.