Motsa Jiki ga Masu Raunin Zuciya Mai Tsanani

Motsa jiki ga masu raunin zuciya mai tsanani wani sashe ne na jinyar farfaɗo da masu ciwon zuciya, inda ake tsara wa majiyyaci atisaye gwargwadon ƙarfinsa a ƙarƙashin kulawar likita. Raunin zuciya shi ne gazawarta wajen harba jini daidai da buƙatar jiki, abin da kan haddasa haki, kasala da kumburin ƙafafu. Har zuwa shekarun 1980 hutu ake umartar irin waɗannan majiyyata da shi, kafin bincike ya nuna cewa rashin motsi yana ƙara raunana tsokoki.

Atisayen yakan ƙunshi tafiya ko tuƙa keken da aka kafe wuri ɗaya, ana farawa da kaɗan, kuma ba a sa wanda ruwa ya taru a huhunsa sai jikinsa ya daidaita. Binciken HF-ACTION, wanda aka wallafa a 2009, ya ƙunshi mutum 2,331 a Amurka, Kanada da Faransa, ya kuma nuna cewa atisayen bai ƙara haɗari ba, ya ɗan inganta juriya da jin daɗin rayuwa, amma ragin mace-mace da kwanciya asibiti bai taka kara ya karya ba.