Littafin Ranar Laraba

Wata yarinya ce ta tono mini wannan zance. Makon jiya aka turo ta makarantarmu da 'yar kwamfutar hannu, ta auna wani shirin horas da matasa da muka shekara biyu muna ɗawainiyarsa. Ta ƙirga ɗalibai, ta ɗauki hoton rajista, ta raba wa yara takardar "na yarda, ban yarda ba". Mu da muka yi aikin, minti goma aka ware mana. Ta miƙe za ta tafi sai ta ce, "Baba, a da can da me kuke gane shiri ya yi amfani?" Na ce, "'Yata, koma ki zauna."

Na kama aiki a 1986, tsarin ilimi na 6-3-3-4 yana ɗanye, ana ta neman malaman ba da shawara. Amma ainihin tarbiyyar a ƙungiyoyin Laraba da la'asar take: Sikawut, Red Cross, matasan manoma, 'yan muhawara. Kowane uban ƙungiya yana da littafi mai baƙin bango. Ƙarshen wata shugaban makarantarmu, Allah ya jiƙansa, zai tattara su ya bi layi-layi da jan biro. Ka rubuta masa "yara arba'in sun halarta", sai ya ja layi a ƙasa ya rubuta, "Wa ya canza a cikinsu?"

Akwai wani yaro mai i'ina da na danƙa wa zomayen ƙungiyar manoma. Zangon farko abin da na rubuta a kansa ke nan: ba ya ɗaga kai. Da damina zomaye huɗu suka mutu a kwana biyu, shi ya tsaya gaban 'yan'uwansa, gumi na zuba, ya yi bayanin cewa ɗakin ne ke yoyo, danshi ya yi musu yawa. Ya ɗauki lokaci kafin ya kai ƙarshe, ba wanda ya yi dariya. Shugaba ya karanta labarin a littafina, ya kira shi ofis, ya ba shi makullin lambun makaranta.

Ko a 2003, da aka fito da manhajar ilimin zaman iyali da cutar ƙanjamau, bayan an sauya mata suna saboda ƙorafin iyaye da malaman addini, mu muka san abin da ya riƙe ta. 'Yan bautar ƙasa da aka horar da tallafin UNICEF sun yi ƙoƙari, sai dai shekara guda suke yi su wuce. 'Yan mata ba sa tambaya a gaban namiji, don haka muka kafa akwati a bayan aji, kowacce ta jefa tambayarta ba suna. Inda shirin ya mutu kuwa, dalilin ba ɓoyayye ba ne: ba shi da gurbi a jadawali, ko an yi wa malamin da aka horar canjin wurin aiki. Wannan yana cin raina har yau, domin ba a taɓa zaunar da mu an tambaye mu ba.

Yawancin littattafan gara ta cinye su a sito. Uku na tsira da su, kuma da su zan tafi gida watan gobe. Na ciro na 1991 na miƙa wa yarinyar nan. Ta ajiye kwamfutar a kan benci, tana karantawa har aka kira la'asar.